Rufe Giɓi da Buɗe Giɓi: Nazarin Tiyatar Saita Ƙwauri ga Masu Amosanin Gwiwa a Yammacin Zamfara

1.0 Gabatarwa

Bahaushen Anka, Gummi da Bukkuyum ya daɗe da sanin ɗori. Maɗori yana mayar da ƙashin da ya karye ko ya goce mazauninsa, ya ɗaure shi da karare har ya kama. Abin da wannan maƙala ta duba ya saɓa wa haka, domin a nan likita ne yake yanka lafiyayyen ƙashi da gangan don ya sauya wa ƙafa saiti. Ana yin aikin ga mai amosanin gwiwa wanda guringuntsin ɓangaren ciki kaɗai ya cinye, har ƙafarsa ta lanƙwashe kamar baka. Idan an miƙe ƙwauri, nauyin jiki yakan koma ɓangaren waje da bai lalace ba.

2.0 Hanyoyin Biyu

Hanyar rufe giɓi ita ce Coventry na Asibitin Mayo a Amurka ya yaɗa tun 1965. Ana cire wani yanki mai siffar bakin gatari daga gefen waje na saman ƙwauri, sannan a haɗe bakunan. Tun da ƙashi ya haɗu da ƙashi, yakan kama da wuri. Sai dai dole a taɓa siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri, kuma a nan wata jijiya ta ratsa, wadda idan ta sami rauni mutum yakan kasa ɗaga tafin ƙafarsa. Ƙafar ma takan ɗan gajarta.

Hanyar buɗe giɓi, wadda Hernigou da abokan aikinsa a Faransa suka bayyana sakamakonta a 1987, daga gefen ciki ake yanka, a buɗa ƙashin gwargwadon awon da aka ƙiyasta, a ɗaure shi da farantin ƙarfe. Likita yana iya daidaita kusurwar ana cikin aikin, kuma ya kauce wa waccan jijiya. Aibinta shi ne giɓin yakan jima bai cike ba, musamman ga mai shan taba, wani lokaci har sai an ɗebo ƙashi daga ƙugu an cusa. Ƙoƙon gwiwa kuma yakan sauko ƙasa da mazauninsa.

3.0 Zaɓi a Yanayin Yankin

Manomi ko mai haƙar zinari a Bagega yana buƙatar gwiwar da za ta tsuguna, ta yi sujada, ta zauna a tabarma, abin da gwiwar ƙarfe ba kasafai take bayarwa ba. Nan ne fifikon saita ƙwauri yake, domin mutum yana nan da gaɓarsa ta asali. Amma irin wannan aiki sai an tafi manyan cibiyoyi kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ga kuma matsalar tsaro a hanyoyin yankin. Saboda haka, a ganin wannan nazari, hanyar da ƙashi zai kama da wuri ta fi dacewa da wanda komawa ɗaukar hoton ƙashi zai yi masa wuya, ko da yake likitoci da dama a yau sun fi karkata ga buɗe giɓi.

Akwai kuma batun kalma, wanda ya shafi masana Hausa kai tsaye. Idan aka ce wa majinyaci “za a karya ƙashin”, zai ɗauka karaya ce, kuma yana iya kai ƙafar wurin maɗori ya ja ta ko ya matsa, alhali akwai ƙarfe a ciki. “Ɗori” ma bai dace ba, don ba abin da ya goce. Maƙalar tana ba da shawarar a riƙa cewa “saita ƙwauri”, tare da bayyana wa majinyaci da danginsa cewa wannan ƙafa ba ta maɗori ba ce.