DARASI: KAFIN MU KAI YARO GAREJI

'Yan'uwa, kowace shekara bayan girbi iyaye sukan same mu da magana guda: "Yaro ya gama sakandare, ba kuɗin ci gaba, a taimaka a nema masa gareji." Kanikanci sana'a ce mai kyau, mai riƙe gida. Amma mu ma mun taɓa yin kuskure a kanta. Mun kai wani yaro gareji a birni da magana ta fatar baki kawai, ba mu koma duba shi ba. Ya shekara shida yana wanke noti da zuwa aike. Da wani kamfani ya nemi kanikawa, abu na farko da aka tambaye shi takardar shaida ce, ba shi da ita. Wannan darasi domin kada haka ta sāke faruwa ne.

1. A zaɓi maigida da idon basira

Kada mu miƙa yaro don kawai mai garejin ɗan garinmu ne. Mu je da ƙafarmu, mu zauna yini guda. Yara nawa ya yaye, ina suke yanzu? Yana barin yaransa su riƙe sifana su kwance inji, ko kallo kawai suke yi? Mu kuma san reshen da yaro zai koya, gama aikin mota kashi-kashi ne: akwai mai inji da giya, akwai rewaya mai aikin wuta, akwai fanel bita, akwai mai fenti.

Mota ta canja. Motocin yanzu ba na kafireta ba ne, kwamfuta ce ke sarrafa mai da wuta. Tun daga 1996 kowace ƙaramar mota da aka sayar a Amurka tana da wurin jona na'urar gano matsala, kuma irinsu ne da yawa ke shigo mana. Garejin da ba shi da wannan na'ura, rabin sana'a kawai zai koya wa yaro. Saboda haka karatu da lissafi ba su zama banza ba. Yaron da ya iya karanta abin da na'ura ta nuna yakan riga 'yan'uwansa gaba.

2. A rubuta yarjejeniya

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta tanadi yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce, kuma wa'adinta ba ya wuce shekara 5. Yaron da bai kai shekara 16 ba, iyayensa ko mai riƙonsa ne za su ƙulla ta, da yardarsa. Takardar ta faɗi waɗannan:

Shekarun koyo da ranar yaye.
Kuɗin koyo, da abin da za a kawo ranar yaye.
Wurin kwana, abinci, da wanda zai biya magani in yaro ya ji rauni.
Abin da zai koya kowace shekara.
Izinin zuwa rubuta jarrabawar sana'a.

A sa shaidu biyu su sa hannu, a ajiye kwafi a gida. Wannan ba rashin yarda ba ne. Yana kare maigida kamar yadda yake kare yaro.

3. A san takardun shaida

Takardar da maigida ya bayar ranar yaye tana da daraja a tsakanin kanikawa, amma ma'aikatun gwamnati da kamfanoni sukan nemi wadda hukuma ta bayar.

Ta farko ita ce ta gwajin sana'a, wato Trade Test, daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Tana da mataki uku: ana farawa da na 3, sai na 2, sai na 1 wanda shi ne babba. Ita ce ta fi dacewa da yaron gareji, domin abin da hannu ya iya ake gwadawa. Ana tambayar yadda ake rajista a ofishin ma'aikatar da ke babban birnin jiha.

Ta biyu ita ce ta hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992. Ɗalibin kwalejin fasaha yakan yi shekara 3 bayan ƙaramar sakandare, ya rubuta jarrabawa ya sami takardar NTC, wadda za ta iya kai shi har foliteknik. Wanda ba ya makaranta ma yana iya rubuta ta ƙarshen shekara.

Ta uku ita ce ta NSQ, ƙarƙashin hukumar NBTE da ke Kaduna. A wannan tsari ana iya auna gwanintar da mutum ya riga ya samu a bakin aiki, a ba shi shaida. Hukumar ITF mai hedkwata a Jos da hukumar NDE su ma suna da shirye-shiryen horar da matasa.

Gargaɗi: in wani ya ce a kawo kuɗi ya kawo takarda ba tare da gwaji ba, a guje shi. Bakaniken da ya sayi takarda bai iya gyara burki ba, rayukan fasinjoji ne a hannunsa, kuma wataƙila namu ne a cikin motar.

4. Kada a manta da yaro

Birni ba ƙauye ba ne. A sami dattijo ko wani iyali a garin da zai riƙa leƙa shi. A ja masa kunne: kada ya shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, kada ya zuƙi fetur da baki, kada ya buɗe murfin lagireto da zafi. A riƙa saya masa kayan aiki ɗaya-ɗaya bayan kowace kaka, domin ranar yaye kada ya fito hannu wofi.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Yaranmu nawa ne ke gareji yanzu? Yaushe muka ziyarce su?
2. A cikinsu wa ke da yarjejeniya a rubuce? Wa ke da takardar hukuma?
3. Wa za mu aika ofishin ƙwadago ya tambayo mana kuɗin rajista da lokacin gwaji kafin taronmu na gaba?
4. Zumuntar mata ko ta matasa za ta iya yin adashe don sayen akwatin kayan aiki ga wanda za a yaye bana?