Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Kai Jama'a Kallon Ƙananan Wasannin Besbol?

Wannan tambaya daga Malam Sani ce, a garin Maraɗi. Ya ce, "Na ji a Amurka mutane na tururuwa zuwa kallon ƙananan ƙungiyoyin besbol, alhali ga manyan a talabijin. Me ke jan su?"

To Malam Sani, mun gode ƙwarai. Besbol dai wasa ne da ake jefo ƙwallo, wani ya doke ta da kulki. Manyan ƙungiyoyinsa 30 ne kacal a Amurka da Kanada. A ƙarƙashinsu kuwa akwai ƙananan ƙungiyoyi 120, inda ake rainon matasan 'yan wasa.

Babban abin da ke jan jama'a shi ne kusanci. Kusanci, Malam Sani. Filin ƙarami ne, kana zaune dab da 'yan wasa, ƙarar kulki na shiga kunnenka, kana ganin gumin mai jifa. Yaro kan miƙa ƙwallonsa, ɗan wasa ya sa masa hannu. A ganina wannan ya fi komai, domin gani ya kori ji.

Ga kuma araha. Magidanci zai kwashi iyalinsa su sha kallo ba tare da aljihu ya koka ba.

Matashin da ka kalla yau kuma, wataƙila baɗi shi ne tauraro. Wani lokacin ma tauraron ne ke saukowa: a shekarar 1994, Michael Jordan, gwarzon ƙwallon kwando, ya buga wa ƙaramar ƙungiyar Birmingham Barons ta jihar Alabama besbol, jama'a suka yi ta cika fili.

Da fatan ka gamsu, Malam Sani. A gaida mutanen Maraɗi.