Darasi: A Jawo Matashi Kusa Kafin A Yi Masa Nasiha

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, Imamu Ahmad ya ruwaito daga Abu Umama cewa wani saurayi ya zo wajen Manzon Allah (SAW) yana neman izinin yin zina. Sahabbai suka taso masa da tsawa. Shugaba kuwa ya ce ya matso, ya zaunar da shi, ya tambaye shi ko zai so a yi haka da mahaifiyarsa, ko 'yarsa, ko 'yar'uwarsa, ko gwaggonsa. Duk wadda aka ambata sai ya ce a'a. Sannan ya ɗora masa hannu mai albarka, ya roƙa masa gafara da tsarkin zuciya da kamewa. Daga ranar bai sake waiwayar alfasha ba.

A nan akwai matakai uku: kusanci, tambaya, addu'a. Su ne iyaye da muƙaddamai suke buƙata a Maraɗi yau, inda yaro ɗan shekara sha biyar ya fi daɗewa a fada, gaban butar shayi, a kan zaman da yake yi a gida. Haka ɗan lakwal na Tibiri da ya faɗi jarrabawa ya ɓoye, da mai noman rani na Jiratawa da aka ba shi taramol don ya jure aiki, har ta zame masa jiki.

Na farko, kusanci. Kora ba ta gyara ɗa, hanyar tasha take nuna masa. In kunyar ɗan fari ta hana uba zama da shi, sai a nemi kawu, ko kaka da ke wasa da shi, ko muƙaddamin zawiya. Budurwa kuwa a haɗa ta da gwaggo ko malamar Islamiyya. Sharaɗi shi ne rufin asiri: maganar da aka yi a ɗaki kada ta fita zaure.

Na biyu, tambaya. Shugaba bai fara da hukunci ba, ya bar saurayin ya gano munin abin da bakinsa. A tambayi yaro me ke damunsa, sannan a yi shiru ya gama. Sau da yawa a ƙarƙashin taurin kai akwai bashi, ko gori, ko faɗan iyaye da yake ji kullum. Wani lokaci iyayen ne suka fi buƙatar nasihar.

Na uku, addu'a, tare da riƙon sababi. Taramol magani ne mai kama jiki. Yawanta na kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, barinta farat ɗaya kuma na sa ciwon jiki da rashin barci. Wanda ta kama a kai shi asibiti, a kuma ja shi wazifa da zikirin Juma'a, don ya sami abokan kirki a madadin waɗanda zai bari.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma hannun da ya yi garaje karya shi yake yi.

Allah Ya shiryi 'ya'yan Musulmi, Ya sanyaya zukatan iyayensu, albarkacin Annabin rahama (SAW). Amin.