Gyaran Shakazobar Gaba a Babur ɗin Kwalta da Daji: Da Me Za a Fara?

Koke biyu ne masu dogayen baburan nan na kwalta da daji suka fi yi game da gaban babur, kuma sau da yawa bakin mutum ɗaya ne ke kawo su duka. Na farko, da ya matse birkin gaba sai kan babur ya dulmuya ƙasa, nauyinsa duk ya koma hannu. Na biyu, in ya hau gargada ko ya daki bakin rami, bugun yakan zo masa har kafaɗa. Wani zai ce maganar ta ci karo da juna, yaya abu ɗaya zai yi laushi kuma ya yi tauri? To duka biyun gaskiya ne, kuma tushensu ɗaya.

Bari mu ɗauki Suzuki DR650 misali, domin tun 1996 kamfanin bai yi masa wani canji na a zo a gani ba, kuma makanikai sun san cikinsa ciki da bai. Tayarsa ta gaba inci 21 ce, kaurin kowace ƙafar fok, wato shakazobar gaba, milimita 43, tazarar da take iya nutsewa kuwa kusan milimita 260. Abin da zan faɗa ya shafi Kawasaki KLR650, ya kuma shafi ƙananan da muka fi gani a hannun malaman gona da ma'aikatan lafiya masu shiga ƙauyuka, irin su Yamaha AG200 da XTZ125, don tsarin cikin fok ɗinsu iri ɗaya ne, girma ne ya bambanta.

Cikin kowace ƙafa akwai ma'aikata biyu, kowa da aikinsa. Sifirin shi ke ɗauke da nauyi, naka da na babur da na kaya. Mai kuwa ba ya ɗaukar nauyin komai, aikinsa shi ne ya hana sifirin saurin lotsewa da saurin dawowa. A irin wannan fok, man yana bi ta wasu 'yan hudoji ne da ke jikin wani siririn bututu a ƙasan ƙafar. Ɗauki sirinji ka zuƙi ruwa: in ka tura a hankali ruwan zai fita ba gardama, in ka danna da ƙarfi lokaci ɗaya sai ka ji ya cije. Haka hudojin nan suke. In saurin motsi ya ninka biyu, turjiyar mai takan ninka kusan huɗu. Shi ya sa wajen birki, inda fok ke nutsewa sannu a hankali, man ba ya taɓuka komai, kai ya tafi ƙasa. Wajen bakin rami kuwa, inda bugun ke zuwa farat ɗaya, man ba ya samun hanyar wucewa, fok ya ƙage, bugun ya wuce zuwa hannunka.

Daga nan za ka gane illar dabarar da ta fi yawa a gareji, wato a zuba mai mai kauri, wani lokaci ma baƙin man inji, wai don gaba ya yi ƙarfi. Nutsewar birki za ta ɗan ragu, ba musu. Amma taurin kan gargada zai ƙaru, kuma fok zai riƙa jinkirin dawowa, ta yadda kafin ya miƙe daga bugu ɗaya na biyu ya same shi, ya yi ta tattarewa ƙasa har tayar ta daina bin hanya. Ban yarda da wannan dabara ba ko kaɗan, musamman ga mai gudu a kan burji.

Kafin ka sayi komai, tabbatar abin da kake da shi lafiyarsa ƙalau. Ɗaga gaban babur har taya ta bar ƙasa, ka juya kan hagu da dama a hankali; in ka ji yana ɗan maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ne suka ci, ba laifin fok ba ne. Kama ƙasan ƙafafun biyu ka ja gaba ka tura baya, in akwai ƙwas-ƙwas, ko wuyan ne ya saki ko bushin ɗin ciki sun cinye. Zare robar da ke rufe bututun mai ƙyalli ka shafa da yatsa. Danshin mai na nufin sil ya mutu, ɗigon tsatsa ko ƙarzuwa kuwa zai yanka kowane sabon sil da ka sa. Sannan ka tambayi kanka yaushe rabon da a canza man ciki. Babura da yawa tun fitowarsu daga kamfani ba a taɓa buɗe su ba, in aka juye man sai ka ga ruwan toka mai wari, da ɗan ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki. Wanke ciki, sabon mai, sabon sil da bushin, wannan kaɗai kan dawo wa mutum da rabin abin da yake nema. Robar nan mai lanƙwasa kuma kada ka cire ta don ado. A ƙurar hunturu ita ce ke tsare ran sil.

Sai awo, kuma a nan nake so ka zauna da kyau. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a wannan aiki ido bai isa ba, sai tef. Kana bukatar mutum biyu su taimaka maka. Da farko a ɗaga gaba har fok ya miƙe gaba ɗaya, a auna daga bakin sil zuwa ƙasan maƙalin da ke riƙe ƙafafun a wuya, a rubuta. A sauke babur, ka hau da kayan da ka saba hawa da su, hular kwano da takalmi da jaka, tankin mai aƙalla rabi, ƙafafunka biyu a kan matakai, mutum ɗaya ya riƙe maka baya don kada ka faɗi. Ɗayan ya danna gaban ƙasa, ya sake shi a hankali, ya auna. Sannan ya ɗan ɗaga shi sama, ya sake shi a hankali, ya sake aunawa. Awon nan biyu ba za su zo daidai ba saboda gogayyar sil da bushin, don haka tsakiyarsu za ka ɗauka ka ɗebe daga awon farko. A ce na farko ya ba ka milimita 300, na dannawa 200, na ɗagawa 216. Tsakiya 208 ke nan, nutsewarka 92. Abin da ake nema shi ne tsakanin kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na dukan tazarar fok, wato a DR650 wajen milimita 65 zuwa 80. Mai 92 ya riga ya cinye fiye da sulusin tazararsa tun bai motsa daga ƙofar gida ba. Ka kuma lura da ratar da ke tsakanin awon nan biyu. In ta kai milimita 30 ko 40, akwai abin da ke riƙe fok, ko bututu ya lanƙwashe ko an ɗaure ƙafafun a karkace, kuma babu sifirin da zai magance wannan.

In nutsewar ta wuce kima da kaɗan ne, ana iya gyarawa da arha. A kan sifirin, ƙarƙashin marfi, ana sa guntun bututu da ke ɗan matse shi tun kafin a hau. Yanko fayif ɗin roba mai kauri wanda ya shiga daidai, ka daidaita bakinsa da sanfefa, ka sa washa ta ƙarfe tsakaninsa da sifirin, tsawo ɗaya a ƙafafun biyu. Sai dai ka sani wannan ɗaga gaba kawai yake yi, ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi. In sai ka matse shi da milimita 20 ko fiye kafin awo ya zo daidai, sifirin ya yi maka laushi, kuma abin da za ka samu shi ne gaba mai tauri a farkon motsi, mai zubewa a tsakiya.

Ana auna ƙarfin sifirin da kilo nawa ne ke lotsa shi milimita ɗaya. Na kamfani a DR650 yana wajen 0.40, ma'ana kilo 40 zai lotsa guda ɗaya da milimita 100. An zaɓe shi ne don mahayi marar nauyi mai tafiya ba kaya. Mai jiki, ko mai ɗora babban tanki da kayan tafiya, yakan bukaci wani abu tsakanin 0.45 da 0.55, kuma masu sayarwa suna da jadawalin da ke haɗa nauyin mahayi da ƙarfin da ya dace. Ka faɗa musu nauyinka na gaskiya tare da kayan hawa. Ni a ganina wannan ne sayayya mafi amfani a duk aikin, kuma in kuɗinka na abu ɗaya ne tak, a nan za ka kashe shi. Akwai sifirin mai ƙarfi ɗaya daga farko har ƙarshe, akwai mai fara laushi ya ƙare da tauri. Na fi son na farkon ga mai shiga daji sosai, don ya fi sauƙin saiti kuma ka san abin da zai yi maka a kowane rami.

Wajen mai kuwa abu biyu ake dubawa, kauri da yawa. Lambar da ke jikin gora, 5W ko 10W ko 15W, ba ta da tsayayyen ma'auni tsakanin kamfanoni. 10W na wani kan fi na wani kauri nesa ba kusa ba. Don haka in ka samu wanda ya yi maka, ka tsaya a kansa, in kuma za ka kwatanta, nemi lambar kauri ta cSt a zafin digiri 40. Yawan mai kuma ba da kofi ake auna shi ba. A cire sifirin, a lotsa ƙafar har ƙarshe, a zuba mai, a yi ta sama da ƙasa da bututun har kumfa ta daina fitowa, sannan a auna daga bakin bututu zuwa saman mai, a zuƙe rarar da sirinji da siririn tiyo har ya zo daidai da abin da littafin babur ya ce. Iskar da ta rage a sama ita ma sifirin ce, amma sai can ƙarshen nutsewa take aiki.

Duk wannan bai taɓa matsalar hudojin nan ba tukuna. Maganinta shi ne ƙaramin bawul da ake zaunar da shi a kan siririn bututun, sifirin ya danne shi daga sama. Sananne a cikinsu shi ne Gold Valve Emulator na kamfanin Race Tech, wanda Paul Thede ya kafa a Kalifoniya a 1984. Motsi a hankali yana bi ta ɗan ƙaramin huji, saboda haka kai ba ya dulmuya wajen birki. In bugu mai ƙarfi ya zo sai bawul ya buɗe, mai ya wuce, tayar ta haye dutsen ba tare da ta doke ka ba. Sharaɗinsa shi ne a faɗaɗa tsofaffin hudojin a ƙara wasu don su daina aiki, a irin wannan girman galibi huji shida na milimita 8, yadda takardar da ke zuwa da shi ta tsara. Aiki ne da ba a komawa baya, kuma dole a goge bakin kowane huji a wanke garin ƙarfen tas, don ɓarɓashi ɗaya ya isa ya ƙarje bushin. Wanda ba ya son huda yana da DDC na Cogent Dynamics ko Intiminator na Ricor, waɗanda sakawa kawai ake yi, a haɗa su da mai marar kauri, 5W. Dukansu daga Amurka ake odarsu, kuɗin dala da na aikowa ba kaɗan ba ne, shi ya sa na ce sifirin tukuna. Masu DR-Z400S na 2002 zuwa sama ko CRF300L kuma wannan bai shafe su ba, nasu fok ɗin da bawul ɗinsa ya zo, sai dai a sake masa saiti.

Akwai masu cire gaban gaba ɗaya su ɗora na babur ɗin tsere. Yana yiwuwa, amma fok ba ya zuwa shi kaɗai: maƙalan wuya, sandar tsakiyar taya, mazaunin birki, wani lokaci har tayar da wayar mita, duk sai an canza ko an yi musu ƙira, kuma in sabon ya fi tsohon tsawo, yadda babur ke shan kwana zai canza. Ga mai zuwa aiki da shiga ƙauye ban ga ribar wannan wahala ba.

In ka ƙarfafa gaba, auna baya ma. Gaba mai tsayuwa da baya mai zubewa kan sa babur ya riƙa buɗe kwana, tayar gaba ta yi sakayau a kan yashi.

Wajen kwancewa, sassauta notin maƙalin sama kafin ka taɓa marfin fok, in ba haka ba maƙalin na matse zaren marfin, kuma ka kwance marfin tun ƙafar na jikin babur. Wajen haɗawa, tsawon da kowace ƙafa ta leƙo saman maƙali ya zama ɗaya, a ɗaure notocin da sifana mai auna ƙarfi, don matsewa fiye da kima na lotsa bututu. Kada ka ɗaure notocin da ke riƙe sandar taya a ƙasan ƙafa sai ka sauke babur, ka matse birki, ka danna gaban sau da yawa, ƙafafun su nemi mazauninsu da kansu.

Daga nan ɗaura siririn ɗaurin roba irin na wayar lantarki a jikin bututun, dab da sil, ka bi hanyar da ka saba bi da gudun da ka saba yi. Inda ɗaurin ya tsaya shi ne iyakar inda fok ya nutse. In yana kaiwa ƙarshe a kowane rami, ƙara tsayin mai da milimita 10 a kowace ƙafa ka sake gwadawa. In kuma ya bar sulusin tazarar ba a taɓa ba, rage milimita 10. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowane gwaji, a hanya ɗaya, da iskar taya iri ɗaya, kana rubuta lambobin a takarda.