Tazara da Ginshiƙi: Nazari a kan Tsara Dogayen Gadoji a Bisa Manyan Koguna

Gabatarwa

Wannan maƙala ta duba tambayar da injiniya ke fara fuskanta kafin ya zana gadar mota a kan babban kogi, wato ginshiƙai nawa za a kafa cikin ruwa, kuma wace tazara za a bari tsakaninsu. A nan, "tazara" na nufin nisan da ke tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, "doro" kuwa shi ne shimfiɗar da motoci ke bi. An zaɓi kalmar "gada" maimakon "kadarko", domin ta biyun ta fi kawo wa Bahaushe hoton itatuwan da aka gitta a kan rafi.

Tazara

Idan aka ninka tazara sau biyu, ƙarfin da ke neman lanƙwasa doro yakan ninka sau huɗu. Dole ke nan a ƙara wa doron kauri, kauri kuwa nauyi ne, har a kai matsayin da gada ke fama da ɗaukar kanta kafin ta ɗauki mota. Saboda haka doron kankare, ko da an yi shi da rami a ciki kamar akwati don rage nauyi, da wuya tazararsa ta wuce mita 300. Daga nan sai a koma ga igiyoyin ƙarfe. A kogin Yangtze na ƙasar Sin, inda manyan jiragen ruwa ke kai da komo, gadar Jiangyin ta 1999 tana rataye a kan tazarar mita 1,385, ta Sutong ta 2008 kuwa, wadda igiyoyinta ke saukowa kai tsaye daga hasumiya, tana da mita 1,088.

Ginshiƙi

Yawaita ginshiƙai ma yana da nasa haɗarin. Duk ginshiƙin da ya tare wa ruwa hanya, ruwan yakan yi juyi a gindinsa yana ƙwaƙule yashi, musamman lokacin ambaliya. Abin da ya sa wannan zaizaya ta fi muni shi ne a ƙarƙashin ruwa take aukuwa, mai wucewa a sama ba ya ganin alama. Ranar 4 ga Maris, 2001, wani ginshiƙin gadar Hintze Ribeiro da ke kan kogin Douro a Fotugal ya rushe, mutum 59 suka rasu. Ambaliya ce ta ƙarasa ɓarnar, amma an shafe shekaru ana haƙar yashi a kogin.

Kogin Neja yana da irin wannan yashi, ga kuma ambaliya kamar ta 2012 da ta 2022. Gada ta biyu tsakanin Asaba da Anaca, wadda aka ƙaddamar a 2023 kusa da tsohuwar gadar ƙarfe ta 1965, tsawonta kilomita 1.6 ne, tazararta mafi faɗi kuma mita 150. Wannan zaɓi yana da hujja, domin jiragen da ke bin Neja ba su kai girman da zai wajabta tsadar gadar rataye ba. Sai dai ya mayar da nauyin aikin kan turakun da aka kafa cikin ƙasan kogi, waɗanda dole zurfinsu ya zarce iyakar da zaizaya za ta iya kaiwa. Irin wannan gada tana buƙatar a auna zurfin kogi a gindin kowane ginshiƙi bayan kowace damina, a kuma hana masu haƙar yashi kusantarta.