Amsoshin Tambayoyinku: Tsakanin "borrow" da "lend"

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne daga Birchi a ƙaramar hukumar Kurfi, ina shirin rubuta WAEC. Na ce wa abokina "borrow me your biro", malaminmu na Turanci ya ce kuskure ne. Ga shi kuwa ƙamus ya ce "borrow" shi ne aro. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗana, malaminka ya faɗi gaskiya, ƙamus ma bai yi maka ƙarya ba. Hausa da Turanci ne kowanne da abin da yake dubawa.

Bahaushe abin da za a mayar yake kallo. Ka karɓi fartanyar maƙwabci ka yi noma, ita ɗin dai za ka kai masa: aro ke nan. In kuwa tiya biyu ta gero ce kafin kaka, ko naira dubu biyar, kwatankwacinsu za ka biya: wannan rance ne. Bature babu ruwansa da wannan bambanci, fartanya da kuɗi duk ɗaya ne gare shi. Hannu yake dubawa. Mai karɓa ya yi "borrow", mai bayarwa ya yi "lend". Mu kuwa da kalma ɗaya muke yin aikin biyu: "na ari biro", "ara mini biro". Na biyun ka ɗauka ka sa masa rigar Turanci. Sai ka ce "lend me your biro", ko "may I borrow your biro?"

Za ka ji ana faɗin irin jimlar da ka faɗa wa abokinka daga Dutsin-Ma har Legas, kuma ana ganewa. Amma mai duba takardar jarrabawa ba zai ɗaga maka ƙafa ba.

Shawarata, kada ka tsaya ga ƙamus mai ba ka kalma da kalma. Nemi Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda A. S. Hornby ya assasa bayan ya daɗe yana koyar da Turanci a Japan; Oxford ta fara buga shi a 1948, musamman don waɗanda Turanci ba harshensu ba ne. Ka karanta misalan jimlolin da ke ƙarƙashin kalma, can za ka ga "borrow" tana tafiya da "from", "lend" kuma da "to".

Akwai irin wannan tarko a "learn" da "teach". "Na koyi lissafi" shi ne "I learnt mathematics", amma "koya mini" sai "teach me".