Sanin Makamar Aiki A Laburare Da Gidan Tarihi: Ribarsa Ga Ɗalibin Hausa

Gabatarwa

Sau da yawa akan ɗauka cewa ɗalibin Hausa ba shi da makoma bayan digiri sai koyarwa ko aikin gidan rediyo. Maƙasudin wannan maƙala shi ne nuna cewa akwai wata ƙofar, wato aikin adana littattafai da kayan tarihi, kuma 'yan watannin sanin makamar aiki su ne mabuɗinta.

Wuraren Koyon Aiki

Ɗalibin da ke karatu a Zariya ya yi dace. A harabar Kongo, wadda ta fara a matsayin makarantar horar da akawuna a 1947 kafin ta shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, akwai Laburaren Shugaba Kennedy, ma'ajin littattafan shari'a da na mulki. A Samaru kuwa ga Laburaren Kashim Ibrahim, ga kuma rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami waɗanda Shirin Binciken Tarihin Arewa ya fara tarawa a shekarun 1960. In an ɗan nisanta, akwai Arewa House a Kaduna, wadda Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970, da Gidan Makama a Kano.

Abin Da Akan Koya

Darasi na farko shi ne rajistar littafi. Wannan aiki yana da sauƙi a ido, amma ƙa'idarsa an gina ta ne kan sunayen Turawa masu sunan dangi. To, a ƙarƙashin wane suna za a ajiye Sa'adu Zungur, alhali Zungur sunan gari ne? Haka kuma ina ƙ da ɗ da ɓ za su faɗo a jerin haruffa? Littafin da aka yi wa rajista ba daidai ba tamkar ɓatacce ne, ko da yana kan kanta.

Na biyu shi ne ma'amala da rubutun ajami. Irin waɗannan takardu galibi ba a ɗinke suke ba, a cikin gafaka ake samunsu. Ɗalibi zai koyi jera su ta bin kalmar da mai kwafi ya rubuta a ƙasan shafi, wadda ita ke buɗe shafi na gaba. Zai koyi bambanta mawallafi da mai kwafi, da warware ramzi, wato haruffan da sha'iri kan ɓoye shekarar wallafa a cikinsu. Zai kuma san abokan gāban takarda: gara da laima da ƙura.

A gidan tarihi kuwa, kowane kaya sai an rubuta sunansa da asalinsa da amfaninsa. Wanda bai san bambancin sulke da lifidi ba, ko kakaki da algaita, ba zai iya wannan ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa ma'aikacin laburare ya san tsari, ɗalibin Hausa kuwa ya san harshe, kuma aikin ba ya kammala sai an haɗa biyun. Saboda haka ya kamata sassan Hausa su riƙa tura ɗalibansu waɗannan wurare a lokacin dogon hutu. Masu iya karanta tsohon ajami ba sa ƙaruwa da kansu, gara kuwa ba ta jiran kowa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.